Injin OM 366 na Beljiyam a cikin tsohuwar Marsandi 911 da 1113: inda kuɗin ke yin amfani da inda ke zubewa

Duk wanda ya taɓa bin bayan tsohuwar Marsandi mai gajeren hanci a Hawan Kibo, ta sha lodin masara har saman bodi, tana rarrafe a giya ta biyu hayaƙi na tashi, ya san abin da ke sa masu irin waɗannan motoci tunanin canza inji. Motar ba ta mutu ba. Shasinta da sifirin ɗinta da aksil ɗinta suna nan daram. Kamfanin ya fara ƙera wannan zubi tun 1959, ANAMMCO ta Enugu kuma ta harhaɗa motocin Marsandi a gida tun farkon shekarun 1980, shi ya sa kayan gyaransu suka cika kasuwanni kamar Ladipo a Legas da Nnewi da Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano. Abin da ya gaza shi ne numfashi. Injin da ke cikin mafi yawansu, OM 352, lita 5.7 ne mai silinda shida. A 1113 da 1513 doki 130 yake bayarwa lokacin yana sabo, a 911 kuwa 110. Sunan motar ma yana faɗa: 1113 na nufin tan 11, doki 130.

Maganin da ya fi yaɗuwa a garejin manyan motoci shi ne a sayo OM 366 na Beljiyam, wanda aka ciro daga ƙannenta masu lafaffen gaba irin su 814 da 817 da 1117 da 1120, a dasa mata. Hukuncinmu a kan wannan aiki shi ne: OM 366 A, mai turbo mara intakula (lagireton da ke sanyaya iskar turbo), sayayya ce mai kyau ƙwarai ga 1113 da 1513, matuƙar an taɓa kuloci da giya da lagireto tare da shi. Babban yayansa OM 366 LA mai doki 240 kuwa, a mafi yawan tsofaffin motocin nan asarar kuɗi ne. Wanda kuma ya sayi inji kaɗai ya ce sauran sai daga baya, gara ya bar tsohon injinsa ya yi masa ringi da metal.

Abin da ya sa dashen yake kamawa cikin sauƙi shi ne OM 366 ba baƙo ba ne. Daga jikin OM 352 aka fitar da shi, ya fito kasuwa wajen 1984. An ɗan faɗaɗa silinda daga milimita 97 zuwa 97.5, aka tsawaita tafiyar fistin daga 128 zuwa 133, ya koma kusan lita 6. Tsawonsa da faɗinsa kusan ɗaya da tsohon, famfon injekta na Bosch ne mai layi wanda kowane mai gyaran famfo ya sani, babu kwamfuta, babu waya ko ɗaya da yake buƙata kafin ya ci gaba da aiki bayan ya tashi. Wannan ne ya bambanta shi da OM 906 da ya gaje shi a Atego, wanda sai da akwatin kwamfutarsa da wayoyinsa cikakku. Mutum ya kai OM 906 cikin 911, ranar da ya ƙi tashi a tsakanin Potiskum da Damaturu babu mai taimakonsa da sifana.

Nau'i uku ake samu, kuma ɗan farantin da ke jikin bulok ɗin ne ke faɗa. Wanda aka rubuta OM 366 kawai ba shi da turbo, doki 136. Wanda aka ƙara wa A mai turbo ne, doki 170. Wanda aka rubuta LA yana da turbo da intakula, wato lagireton da ke sanyaya iskar turbo kafin ta shiga inji, shi kuma yana farawa daga doki ɗari biyu da 'yan kai har zuwa 240. Dillalai da dokin suke talla, amma ba shi ke karya ƙarfe ba. Abin da ke karya ƙarfe shi ne ƙarfin murɗa, wanda ake aunawa da Nm. Tsohon OM 352 yana ba da kimanin 360, sai ya kai juyi 2,000 a minti kuma. OM 366 mara turbo wajen 400. Mai A yana ba da kimanin 560 tun a juyi 1,400. LA mai doki 240 yana kaiwa kusan 750. Ka ga ke nan mai A ya ɗara tsohon da fiye da rabi, LA kuma ya ninka shi. Direba zai ji bambancin mai A tun a hawan farko: inda da sai ya sauko giya ta biyu, yanzu ta uku ta riƙe. Mara turbo kuwa ƙarin doki shida ne kacal. Inji ne mai lafiya da juriya, amma kada a saye shi da sunan ƙara ƙarfi.

Akwai wata gajeriyar hanya da wasu ke bi, a ɗaura wa tsohon OM 352 turbo a ƙara masa mai a famfo. Ba mu goyon bayanta. OM 352 A na asali, wanda kamfani ya yi da turbo, fistin ɗinsa daban ne, matsinsa ya fi ƙasa, kuma an tanadi yadda baƙin mai zai riƙa sanyaya fistin daga ƙasa. Wanda ba a yi don turbo ba, in aka matsa masa, wata 'yan kaɗan zai yi yana burge mutane, sai kan fistin ya tsage ko gasket ya ƙone.

Wajen saye ne ake fara cin riba ko faɗuwa. Injin Beljiyam ba sabo ba ne, ƙarami a cikinsu ya haura shekara ashirin da biyar, kuma fentin da ke jikinsa ba shaida ba ne. Kada a biya sai an tayar da shi a ƙasa, da sanyinsa, a gaban mai saye. In ka iso ka tarar da bulok da ɗumi, an riga ka ne, ka ce gobe da safe za ka dawo. Lafiyayyen OM 366 yana kamawa a kik ɗaya, ya ɗan yi farin hayaƙi na daƙiƙoƙi ya washe. A bar shi ya yi zafi sosai, sannan a ɗaura agogon auna matsin baƙin mai na hannu, ba na dashbod ba. In yana silo da zafinsa bai kamata matsin ya gaza rabin bar ba (bar shi ne ma'aunin matsi), in an ba shi wuta sosai kuma ya wuce bar 2.5. Wanda ya tsaya a bakin iyakar nan metal ɗinsa ya kusa, a saka kuɗin gyara a cikin ciniki. A duba bututun numfashin inji: ɗan tururi ba komai, amma in yana huci kamar tukunyar tuwo, ringi ya tafi. In za a samu ma'aunin matsin silinda, kowace ta kai bar 20 ko fiye, kuma tazarar mafi ƙarfi da mafi rauni kada ta wuce 4. A cire tiyon gaban turbo a kama sandar fankarsa da yatsa biyu. Ɗan motsi gefe da gefe dole ne, amma in tana tafiya gaba da baya, ko fukafukan sun goge bango, turbo ɗin ya gama. A buɗe wurin ruwa a ga ko akwai maiƙo, a zaro sandar baƙin mai a ga ko ya yi kalar shayi da madara.

Abu na biyu a wajen ciniki, wanda mutane da yawa ke sakaci da shi: a sayi injin cikakke. Falaiwil ɗinsa, gidan falaiwil, kuloci, kik, altaneta, kwamfuresar iska, fanka, bututun salansa na farko mai murfin birkin inji. Dillali yana son ya kwance waɗannan ya sayar daban, kai kuma in ka zo nemansu ɗaya ɗaya sai kuɗinsu ya kusa kamo na injin. In da hali ma a haɗa da giyar da ya zo da ita daga Turai, domin ita ce aka yi daidai da ƙarfinsa.

Nan muka zo kan giya, kuma nan ne mafi yawan ayyukan ke lalacewa. Giyoyin Marsandi na wancan zamani suna ɗauke da bayaninsu a jikin faranti. Za ka ga G3/36-5/8,98 ko G3/50-5/8,5 ko G3/60-5/7,5. Lambar da ke bayan sandar farko ita ce ƙarfin murɗar da aka yi giyar ta ɗauka: ka ƙara mata sifiri, ka samu kimanin adadin Nm. Biyar ɗin yawan giyoyi ne, lambar ƙarshe kuma ita ce ninkin giya ta ɗaya. To G3/36 an yi ta ne don kimanin 360, daidai wuyan tsohon inji. Ka ɗora mata 560, ba ranar za ta fashe ba. Za ta fara da kuka a giya ta uku da ta huɗu, boris ɗin ciki ya fara sakin ƙarfe cikin mai, sai ta fara fitar da giya da kanta a kan hawa, wanda shi ne wuri mafi muni da mota mai lodi za ta koma firi. Ga mai A, G3/60 ce mafi ƙanƙantar da ta dace. Ga LA mai 750 kuwa har G3/60 ɗin ta yi kaɗan, sai an nemi babbar giya, ita kuma ta fi tsawo da nauyi, sai an sake mazauninta, an yanke farfela (sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksil), an gyara sandar canza giya. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa muka ce LA bai dace da yawancin motocin nan ba: kowane abu da ya taɓa sai ya jawo wani.

Kuloci ma haka. Tsofaffin suna zuwa da ƙaramin faranti, milimita 280 ko 310, masu turbo kuma da 330 ko 350. In aka mayar da tsohon falaiwil da ƙaramin kuloci don a huta da neman gidan da zai dace, alamar farko ita ce a giya ta sama, an taka totur a kan hawa, inji ya ɗaga murya mota ba ta ƙara sauri ba, sai warin ƙuna. A sa sabon faranti da sabon murfi da sabon rilis boris tun inji yana ƙasa. Aikin awa ɗaya ne a lokacin, na kwana biyu ne daga baya. A kuma gwada haƙoran sandar giya da tsakiyar farantin kafin a ɗaga komai, domin ba dukansu ne suke shiga juna ba, haka ɗan boris ɗin da ke tsakiyar falaiwil.

Ga wani lissafi da ya kamata mai mota ya yi kafin ya kashe ko sisi, domin shi ne ke ba mutane mamaki bayan an gama aiki. Tsohon inji yana kaiwa juyi 2,800 a minti. OM 366 A a 2,600 yake tsayawa. Giya ta biyar a waɗannan giyoyi kai tsaye ce, juyin inji shi ne juyin farfela. Taya 9.00-20 tana cin kimanin mita 3.1 a juyi ɗaya. In haƙoran kirawun da finiyon aksil ɗinka, wato babbar giya da ƙarama da ke cikin aksil ɗin baya, 43 da 7 ne, da tsohon inji motar tana kaiwa kusan kilomita 85 a awa, da sabon kuwa 79 za ta tsaya. In 40 da 7 ne, daga 91 ta sauko 85. Wato an ƙara doki arba'in, gudu ya ragu. Sai direba ya dawo yana cewa an cuce su, mai famfo kuma ya ce a kawo ya buɗe gwamna, wato na'urar cikin famfo da ke iyakance juyin inji. Kada a yarda. Matsalar ba a famfo take ba, a aksil take. Da 43 da 7, in ana son kaiwa kilomita 80 sai inji ya yi ihu a sama da 2,600, nesa da inda ƙarfinsa yake, yana shan gas a banza. Da 39 da 8 kuwa, a wannan gudun yana wajen 2,100, ya huta, gas ya ragu, kunnen direba ma ya huta. Motar da ke dogon zango daga Dawanau zuwa kudu a kan kwalta, 39 da 8 ne nata. Tifar da ke fitowa daga ramin yashi ko mai shiga ƙauyuka da damina ta zauna a 40 da 7, gudun ba shi ne damuwarta ba. Hanyar sanin naka: a duba farantin aksil, ko a ɗaga taya ɗaya, a juya ta sau biyu cif, a ƙirga juyin farfela.

Canza kirawun da finiyo aiki ne na gwani. Tare ake sayensu, ba a haɗa na wannan da na wancan. Sai an shafa shuɗi a haƙora an ga inda suke haɗuwa, an daidaita da shim har tabon ya zauna tsakiya. In aka ɗaura da ido kawai, aksil zai yi ta kuka har ya cinye kansa.

Farfela da shaf (sandunan da ke juya tayoyin baya daga cikin aksil) su ne na gaba a layin wahala. Da giya mai ninki 8.98, tsohon inji yana aika wa farfela kimanin Nm 3,200 a giya ta ɗaya, mai A kuma 5,000. Kuros ɗin gaɓar farfela da ya shekara talatin yana haƙuri da na farko ba lallai ya jure na biyu ba. A canza kuros duka da santa boris. In an yanke farfela, a kai wa mai injin dira ya daidaita ta, kada a yi waldar ƙasa a gefen titi, kuma kunnuwan kuros na gaba da na baya su kalli gefe ɗaya. In suka saɓa, motar za ta riƙa karkarwa a wani gudu na musamman, ta cinye boris ɗin bayan giya. Shaf kuwa direba ne ke karya shi, ba inji ba: mota ta kafe a laka, a ba ta wuta a saki kuloci gaba ɗaya.

Wajen zaunar da injin kansa ba a cika shan wuya ba. Abin lura shi ne kaskon baƙin mai. Zubinsa ya danganta da motar da aka ciro injin, wani zurfinsa a gaba, wani a baya, kuma zai iya karo da aksil ɗin gaba ko sandar sitiyari in sifirin ya lotsa da lodi. In an canza kasko, dole a canza bututun tsotson mai da sandar awo su dace da shi, in ba haka ba sanda za ta nuna mai ya cika alhali famfo iska yake ja a kan hawa. Robobin mazaunin inji sababbi. A tabbatar da wutar motar, 12 ce ko 24, kafin a haɗa kik da altaneta. Sai kuskuren da ya fi kowanne yawa: makanike ya saita bawul da ma'aunin da ya saba. Tsohon OM 352 milimita 0.20 ne a na shiga, 0.30 a na fita. OM 366 kuwa 0.40 da 0.60 ne, da sanyin inji. In aka matse shi a kan na tsohon, in ya yi zafi bawul ba ya rufuwa sosai, ƙarfi ya ragu, daga baya bakin bawul ya ƙone.

Zafi shi ne abokin gabar wannan dashe a ƙasarmu. Injin da aka yi wa lagireto don sanyin Jamus zai yi aiki ne a Sakkwato da Maiduguri cikin Afrilu, inda zafi ke haura digiri 40. Tsohon lagireton 911 an yi shi don doki 110, kuma rabin bututunsa ya toshe da ƙasar ruwan rijiya. A sake masa ciki da mai layi fiye da na da, a mayar da kwandon da ke kewaye fanka, wanda yara kan jefar don ya hana su kai hannu ga fanbel. Idan babu shi fanka iskar gefe take ja, ba ta cikin lagireto ba. Kada a cire tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi. Al'adar cire shi ta zama ruwan dare, amma a wannan inji in babu shi wani kaso na ruwan yana zagayawa ta gajeriyar hanya ba tare da ya bi lagireto ba, kuma inji yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba da safe. Ga mai LA akwai ƙarin matsala: hancin motar gajere ne, intakula kuma gaban lagireto yake zama, ya tare masa iska, sai an yi yanke-yanke kafin banet ya rufu. Wasu sai su haɗa LA ɗin ba tare da intakula ba, famfo yana ba da man doki 240 ga iska mai zafi. Wannan hanya ce ta narkar da fistin.

Iska ma sai an faɗaɗa mata hanya. Tsohuwar tukunyar iska mai baƙin mai a ciki ta yi wa turbo kaɗan, in ya ja da ƙarfi har man yake tsotsa. A sa babbar filtar takarda mai ciki biyu, irin ta motar da injin ya fito, bakinta a sama nesa da ƙurar taya. Kowane tiyo tsakanin filta da turbo a ɗaure shi da kilif mai kyau, domin ɗan tsagi kamar ƙwayar shinkafa ya isa ƙurar hunturu ta cinye ringi cikin kaka ɗaya. Salansa kada ta fi bakin turbo ƙanƙanta. A ƙara filtar da ke raba ruwa da gas kafin famfon hannu, don gas ɗin jarka ba ya da tabbas. In da hali a ɗaura agogon zafin hayaƙi kafin turbo, a gaya wa direba in ya doshi digiri 700 ya sassauta ƙafa ya sauko giya.

Birki ba ya cikin abin da dillalin inji zai ambata. Motar da a da take isa saman tudu a gajiye yanzu da gudu take isa, kuma mai ita zai fara ƙara buhu goma a kan lodi tunda ta nuna tana iyawa. Birkin kuwa na da ne, a yawancinsu mai ne da iska ke taimaka wa. A sake layinin, a duba gangunan ko sun yi faɗi, a canza robobin silindar taya da tiyoyin roba, a tabbatar kwamfuresar sabon injin tana cika tanki da wuri. Murfin birkin inji da ke bakin salansa a haɗa shi ya yi aiki. Sau da yawa ana barinsa a ɗaure da waya, alhali a gangaren Jos ko na Mambila shi ke hana ganguna ɗaukar zafi.

Farashin injin yana bin dala, ba ya zama wuri ɗaya, amma ka ɗauka cewa kuɗin injin ba zai wuce rabin abin da aikin gaba ɗaya zai ci ba in za a yi shi yadda ya kamata. In ka je gareji, tambayi ogan wace giya ce a motarka da haƙoran aksil ɗinta nawa. Wanda ya sunkuya ya goge faranti ya karanta kafin ya yanka maka kuɗi, shi ne mai aikin. Wanda ya ce, "Alhaji, kawo kawai, duk ɗaya ne," ka yi masa sallama.

Bayan an tayar, baƙin mai 15W-40 na manyan motoci da sabuwar filta, a cika bututun man turbo da hannu kafin kik na farko. Tafiyar farko da rabin lodi. Bayan kamar kilomita dubu a sake bin notocin mazaunin inji da na farfela da na gidan kuloci, a sake auna bawul, a zubar da man giya a duba maganaɗisun da ke jikin notin ko ya tara ƙarfe. Direba ya saba da barin inji yana silo minti biyu zuwa uku kafin ya kashe bayan doguwar tafiya, in ba haka ba man da ya tsaya cikin turbo mai zafi yana ƙonewa ya toshe hanya. A riƙe rasit da takardar kwastam ta injin, a je ofishin lasin a sauya lambar inji a takardun mota, tun kafin wani jami'i a kan hanya ya buɗe banet ya ga lambar ba ta yi daidai da ta takarda ba.